Ni da Kofin Kauri

Idan ana rubuta sunayen waɗanda yaƙin Rasha da Yukiren ya taɓa, ina roƙon a sa nawa can ƙasan takarda, ko da fensir ne. Ba a jefa mini bam ba, ban yi gudun hijira ba. Amma tun Fabrairun 2022 nake ɗora wa wannan yaƙi alhakin ramin da ke aljihuna, alhali na san mahaƙinsa. Shayi ne, kuma da bakina aka yi aikin.

Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Gidan Kwano, kan hanyar Minna zuwa Bida, daura da babban mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Cinikinmu na ɗalibai ne: in suna nan mu ci, in sun tafi mu yi hamma. A waccan shekarar abu biyu suka haɗe mana. Malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, bayan kwana goma Rasha ta auka wa Yukiren. Wata takwas cur unguwa ta yi tsit, har awaki suka gaje barandar ɗakunan hayar ɗalibai. Mai hankali a irin wannan hali tsuke bakin aljihu yake yi. Ni kuwa, tunda babu aiki, sai na tare a bencin mai shayi, safe da dare, a haɗa mini kauri a rubuta a littafi.

A kan bencin nan na zama masanin al'amuran duniya. Ni ke bayyana wa 'yan acaɓa da masu gadi cewa ƙasashen nan biyu su ke fitar da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikinta a duniya, mu kuma kusan duk alkamar burodinmu ta jirgin ruwa take zuwa, shi ya sa burodi ke ramewa kuɗinsa na ƙiba. Ni ke gaya musu ɗanyen sukarinmu daga Barazil ake kawo shi a tace a Legas, madarar gari ma baƙuwa ce. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, aka saki naira har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, sai karatuna ya ƙara tsawo. Duk gaskiya nake faɗa. Abin da ban gaya musu ba, yawan bayanin dabarar jinkirta tashi ce, ko mai shayi zai ji daɗin karatun ya ƙara mini cokali guda na madara. Bai taɓa ƙarawa ba. Mutumin Tawa ne, rediyonsa ba ta mutuwa, duk abin da zan faɗa ya riga ni ji da asuba.

Wata rana na so in burge su da tarihi. Na ce ai a yaƙin Hitila ma Ingila ta ƙayyade wa kowane mutum ganyen shayi tun 1940, kimanin giram 56 a mako, ba a ɗage ba sai 1952. Da na koma shago na buga lissafi, sai jikina ya yi sanyi. Ƙullin Lipton ɗaya bai wuce giram 2 ba, wato rabon Baturen da bam ke sauka a kansa ya ishe ni har in yi kyauta. Wanda ba zai kai ni Laraba ba shi ne rabonsu na sukari, kusan giram 225 a mako. Ashe duk kukan tsadar shayin da nake yi, ganyen shi ne mafi araha a cikin kofin, ga shi har nomansa ake yi a Kakara, kan tsaunin Mambila. Abin da ke cin kuɗina madara ce, da Milo, da sukarin da nake cewa a ƙara, da burodin da ake tsomawa. Shayi suna kawai ya ara mini, don in fi yaro mai lasar madara mutunci.

Ana cikin haka Inna ta zo mana daga Kontagora. Ta kalli gwangwanayen da ke kan kanta, ta ji kuɗinsu, ta yi salati. Ta ce su da suka taso, shayi na marar lafiya ne da ma'aikatan reluwe, kowa da safe kokonsa yake sha ko kunun tsamiya. Ta ce mahaifiyarta ta ba ta labarin yadda gishiri ya ɓace a kasuwa zamanin yaƙin Hitila, mutane suka lallaɓa da kanwa da ruwan toka, kuma ba su mutu ba. Washegari ta ɗora tukunya: citta, kanumfari, kimba, ɗan masoro, na'a-na'a, ta jefa guntun mazarƙwaila. Ƙamshin ya kai har bakin titi.

Kurɓa biyu na yi na zama mai wa'azi. Na koma bencin nan da sabon karatu: mun watsar da na gida mun rungumi na gwangwani, kakanninmu da citta da tafarnuwa suka kori mura, da man kaɗe suka yi maganin faso, ga shi Jihar Neja ce gidan kaɗanya amma muna sayen man shafawa na kanti. Na yi rantsuwa na bar kauri. A lura, a kan bencin mai shayi na yi rantsuwar, da kofi a hannuna, na ce na ban kwana ne.

Daga nan ciwon kai ya sauko. Duk wanda jikinsa ya saba da shayi ya san shi: wani nauyi a bayan ido, da hamma, da jin haushin mutanen da ba su yi maka komai ba. Inna ta taɓa goshina ta ce zazzaɓi ne ke tafe. Ta aika yara suka tsinko ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwaba, aka tafasa, aka zaunar da ni a kujerar tsuguno aka lulluɓe ni da bargo. Sirace ke nan, a Minna, a watan Maris, lokacin da ko inuwa zafi take yi. Na fito kamar kazar da aka tsoma za a fige. Aka miƙo mini rabin kofin ruwan darbejiyar, na shanye, don ba a yi wa uwa gardama. Da magariba na ce zan je masallaci, na je kuwa, sai dai hanyar dawowa ta karkace. Kofi ɗaya, kafin in tashi kaina ya washe. Na shiga gida garau, Inna ta dube ni ta ce, "Ka gani ko? Darbejiya ba ta ƙarya." Na ce, "Wallahi Inna, sai hamdala." Har yau tana ba maƙwabta labarin yadda ta warkar da ni a yini ɗaya.

Mafi munin abin kuwa shi ne farin cikin da na yi a daminar 2023, da wata cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna, wajen Kachia da Jaba da Kagarko. Manoma sun yi asarar da ba ta misaltuwa, kuɗin citta ya yi tashin gwauron zabi a Kasuwar Kure. Ni kuma a zuciyata na ce to, maganin gargajiyar ma ya bi sahu, an kwance mini rantsuwa. Na kawo wa uwargida labarin da fuskar jaje. Ta ce, "Baban Abba, kada ka damu, kanumfari da kimba suna nan, na'a-na'a kuma a bayan ɗaki na shuka ta."

Yanzu kowace safiya tana cika mini filas da haɗin Inna. Ina karɓa da godiya, in rataya a babur, in zarce wurin mutumin Tawa in miƙa masa. Shi ke zuba madara da Milo da sukari a ciki, ya sheƙa tsakanin kofuna biyu har ya yi kumfa. Na taɓa neman ragi, tunda ruwan zafin da kayan ƙamshin daga gidana suke. Ya ce, "Malam, dama can ruwan kyauta nake ba ka." Ya jawo littafi ya buɗe shafina, na ga har ya tsallaka zuwa na gaba.