'Yan Rakiya Zuwa Cape Coast

Daga Akra zuwa Cape Coast bai cika kilomita 150 ba, amma in ka faɗa motar masu raka ɗaliba jami'a, sai ka rantse Makka za ku a ƙasa.

Mai Agogo ne ke fara magana. Tun a unguwar Nima, ba a ma gama ɗaure kaya ba, ya yanke hukunci: "Awa biyu ce. A bakin teku za mu yi azahar." Kasoa ce maganinsa. Garin nan daga kalmarmu ta kasuwa ya samo suna, kuma bai ci amanar sunan ba: mota kan mota, masu talla na ratsa tsakani da burodi da ruwan leda. Sai ya dubi hannu, ya ja tsaki, ya ɗora laifin a kan Hajiya da ta tsaya neman murfin kula.

Ita kuwa Hajiya ko a jikinta. 'Yar fari za ta kai, don haka ba ta kama suna, sai dai "ke wannan". Ta haɗo garin rogo, shito, kuka, daddawa, tabarma da buta har biyu, kamar an ce mata Fantawa ba sa cin abinci. Daga mararrabar Winneba take buɗe nasiha, ba ta rufewa sai Mankessim: ban da ƙawayen banza, ban da yawon dare, ban da ruwan nan mai cin mutane. Yarinya na ta "to, Umma", kunne ɗaya toshe da waƙa a ƙarƙashin mayafi.

Akwai Acici, wanda taswirarsa a ciki take. Bai san sunan gari ba sai da abin da ake sayarwa a bakin titinsa. Ana isa Yamoransa zai dafa kafaɗar direba a tsaya, ya jido dokunun Fante mai naɗe da ganyen ayaba, wai tsarabar mutanen gida. Mutanen gida dai labari za su ji.

Malam Tarihi ya fi kowa wahalar zama kusa da shi, don gaskiya yake faɗa, ba damar ka ƙaryata shi ka huta. Turawan Fotugal sun gina ganuwar Elmina a 1482. Cape Coast ce hedikwatar mulkin Ingila har 1877, kafin a mayar Akra. Obama ya zo a 2009, kuma yadda Malam ke ba da labarin, ka ce shi ya riƙe masa lema. Wuri ɗaya na ga bakinsa ya mutu: kurkukun ƙarƙashin ganuwa, inda aka riƙa cusa bayi kafin a loda su a jirgi. Ya fito yana share ido, bai ƙara kawo ko shekara ɗaya ba sai da muka ci abinci.

A ƙofar jami'a Kawu ke karɓe ragama. Tsohon ɗalibi ne, ɗan masaukin ɗalibai na Casford, kuma a ganinsa tun da aka kafa makarantar a 1962 don horar da malamai ba a yi saiti irin nasu ba. "Direba, yi dama, nan gidana ne." Sau biyu muka wuce bishiya ɗaya tsakanin tsohon matsuguni da sabo. Tambaya? Allah ya kiyaye. Wata yarinya mai tallar lemo ce ta cece mu.

Sai Jarumi, da ya ishe mu tun hanya da labarin iyon da ya yi a Volta. Da muka sauka bakin teku, garin shiru, iska na kaɗa kwakwa, kwale-kwale jere a kan yashi. Igiyar ruwa ɗaya ta taso, ya tattare wando ya zura da gudu, teku ta tafi da silifa ɗaya. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ce ai ko masunta ba sa shiga ranar Talata. Asabar ce.

A komowa motar tsit, Hajiya na goge hawaye da gefen gyale, buta ɗaya na gungurawa a ƙarƙashin kujera. Mai Agogo ya dubi hannu ya ce, "In sha Allahu, awa biyu."