Tsumma da ruwa kafin a taɓa lambu

Mu nan Agwada kowa da yadda yake adana irinsa. Kuɓewa mukan bar ta cikin ɓawonta, a rataye ta saman murhu ta sha hayaƙi. Irin alayyafo da na gauta kuwa a cuɗa da toka, a ɗura a kwalba, a toshe bakin. A wannan fanni iyayenmu mata sun fi mu iyawa, shi ya sa ƙwaro bai cika samun nasu ba.

Inda muke sakaci shi ne lokacin shuka. Mutum ya ɗauko irin bara, ko ya auno na kasuwar Keffi ko ta Garaku, ya watsa a bedin reno, ya yi ta ban ruwa har mako biyu, shiru kake ji. Sai a ce ƙasa ta gaji. Sau da yawa kuwa irin ne ya mutu tun yana ɗaki.

"Ai ni a ruwa nake zubawa, Baba, holoƙo ya taso in kwashe," in ji wani matashi a majalisarmu ta bayan la'asar.

"Na kuɓewa da agushi ka yi daidai, ɗana," in ji dattijon. "Attarugu fa? Mai ransa ma yakan taso, ka zubar da na kirki."

Gaskiyar Baba ce. Abin da ba ya ruɗi shi ne tsumma. Ka ƙirga ƙwaya 20, ka jera kan tsumma mai laima, ka naɗe, ka sa a leda, ka ajiye a inuwa. Kada ya bushe, kada kuma ya jiƙe sharkaf. Tumatir kan fasa cikin kwana 5 zuwa 10, attarugu da tattasai sai an yi musu haƙuri, sukan kai mako biyu ko uku. Idan ka warware ka ga farar saiwa ta leƙo a 16, kashi 80 cikin 100 ke nan, shuka abinka. Idan 10 ne, ninka yawan irin. Ƙasa da haka, kada ka ɓata fetur ɗin injin ban ruwa a kansa. Ka kuma lura ko tare suka fito, domin irin da ke tsirowa ɗaya yau ɗaya jibi ba ya ba da dashe mai ƙwari.

Albasa ce mai saurin mutuwa, da wuya irinta ya wuce shekara guda da ƙarfinsa, alhali na tumatir yakan kai shekara 3 ko 4 in ya samu wuri busasshe. Na gwangwani da na leda ma a duba kwanan wata da shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, sannan a gwada shi, tunda zafin rumfa yana kashe iri.

'Yan uwa masu shirin noman rani, ku jiƙa tsummanku mako biyu ko uku kafin ku gyara bedi.