Zuwa Ga Malam Kamus Na Zazzau

Kai Bazazzage, bawan Kanawa, sannu da fama da dogon Turanci. Labari ya iso mana har Kasuwar Kurmi cewa yanzu ko gaisuwar safe ba ka yi sai da kalma mai gaɓa bakwai, har mai kokon unguwarku ta fara cigiyar tafinta. To gyara zama, yau ubangidanka zai ba ka karatu kyauta, abin da Bakano bai saba yi ba.

Turawa sun daɗe da sanin irinku, har suna suka tanadar muku: sesquipedalian. Daga Latin take, ma'anarta ƙafa ɗaya da rabi, wato kalmar da ta yi tsawon da sai an ɗauko awo, da kuma mutumin da bakinsa ba ya daɗi sai da irinta. Kada ka ɓata rai, ai sarauta ce, rawani kawai ya rage. Akwai kuma ƙanwarta, ultracrepidarian. An ce wani baduku ne a tsohuwar Girka ya gyara wa mai zane Apelles hoton takalmi, aka karɓi gyaransa. Da kansa ya kumbura sai ya koma kushe ƙafar, aka ce masa malam, tsaya iya takalmi. Kai da aikin gona ka karanta a Samaru, amma a majalisa likita ma sai ka koya masa allura, ka san da wa ake.

Ka tuna ranar bikin nan da cikinka ya dinga kugi, ka dafe shi ka ce borborygmus ke damunka? Mutane suka firgita, wata gwaggo har ta fara salati. Kalmar gaskiya ce, kukan hanji take nufi. Amma mu a Kano yunwa muke ce mata, kuma gurasa da ƙuli ta warkar da kai nan take, ba tare da ka biya sisi ba.

Sai defenestration da kake yi wa yara barazana da ita, wato jefo mutum ta taga. A birnin Prague a 1618 aka cillo wakilan sarki biyu da magatakardansu ta tagar fada. Dukansu sun rayu, amma rigimar ta haifi yaƙin da Turai ta shekara 30 tana yi, sai 1648 aka ajiye makamai. Kai dai kwantar da hankalinka, babu tagar da tumbin nan zai wuce ta ciki.

Abin da ya fi ba ni dariya, ƙananan kalmomin da ka raina su ne suka fi yi maka dariya a ɓoye. Duk sanda ɗalibanka suka ce kai nice ne, sai ka washe baki kamar gonar auduga. To asalinta nescius ne a Latin, wanda bai san komai ba, kuma shekara 700 da suka wuce in Bature ya ce maka haka, wawa yake nufi. Ban ce ɗaliban sun san tarihin ba, ban kuma ce ba su sani ba. Ita kuwa alcohol da kake yamutsa fuska in an ambata, daga Larabci aka ɗauko ta, al-kuhl, kwallin nan dai da kake rambaɗawa ran Juma'a. Boycott ma sunan mutum ne, Kyaftin Charles Boycott, wakilin mai gonaki a Ailan, wanda manoma suka ƙaurace wa a 1880 har aka rasa mai yi masa girbi. In ka ci gaba da cinye mana tsire a majalisa, sunanka ne zai shiga ƙamus ta wannan ƙofar.

Af, tunda an zo maganar ƙamus: a watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya karɓi kalmomin Najeriya 29, ciki har da okada da danfo da Kannywood. Ka ji ko? Kannywood. Mu da kuke cewa ba mu san komai ba sai lissafin riba, ga sunan garinmu a littafin da kake matashin kai da shi. Ku da kuke da Kwalejin Barewa da Jami'ar Ahmadu Bello, ina taku?

Duk da haka ba na musun kana da ilimi, Allah ya ƙara. Roƙona ɗaya ne: kafin ka gyara wa Sarkin Ingila harshensa, ka sasanta da "ya" da "ta". Mutumin da zai ce "matata ya dawo daga kasuwa" bai kamata ya tsare mu da nahawu ba.

Ina jiran martaninka, amma da Hausa, kuma ka haɗo da kuɗin gurasar nan. Ka gaida uwargida, Allah ya ƙara mata haƙurin sauraronka.