Yadda ake raba girki tsakanin wutar sansani da inbata

A Amurka akwai mutanen da idan za su tafi hutu sai su tafi da gidansu gaba ɗaya. Motar da suke kira RV tana ɗauke da gado, kicin, banɗaki da firij, kuma yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su. Duk wanda ya sayi irin wannan mota, ya sani ya zama mai mata biyu ko bai taɓa kai sadaki ba. Uwargida ita ce wutar sansani, wadda ake jonawa daga wani turke a inda motocin ke yada zango. Amarya kuwa inbata ce, mai ɗibar bolt 12 daga batir ta mai da shi bolt 120 na soket. Zaman lafiyar gidan ya rataya a kan doka ɗaya: ba sa haɗa girki.

Dalili kuwa, wutar soket kai da kawowa take yi, sau 60 a daƙiƙa a can Amurka, kuma kowace da irin takunta. In ka haɗa su a waya ɗaya, wannan tana turawa waccan tana ja, sai ka ji ƙara, ka ji ƙauri, inbatar da ka zuba kuɗi ka saya ta riga mu gidan gaskiya. Wanda ya fi wannan muni, idan inbata ta tura wuta baya, haƙoran fulogin da ke yashe a ƙasa sun zama masu rai, kuma yaro na iya ɗauka.

Saboda haka, malam, fara da naɗa alƙali. Duk wanda ya taɓa tashi da dare ya sauke layin NEPA ya ɗaga na janareta ya san canji-oba, kuma aikinsa a mota bai canja ba: ya yanke wannan sarai kafin ya haɗa waccan. Akwai na hannu, akwai mai sarrafa kansa, wasu inbatocin ma da nasu a ciki suke zuwa. Ko wane iri ne, ka sa ƙwararre ya ɗaura shi, a riƙa duba ƙusoshinsa, domin jijjigar hanya tana kwance su, waya mai lilo kuma zafi take yi har ta narka roba.

Ka iso sansani a gajiye, yara suna kukan zafi, hannunka yana ƙaiƙayin jona wuta. Yi haƙuri na minti biyu. Kashe iyakwandishan da hita da duk wani abu mai cin wuta. Je turke ka sauke birekarsa. Jona na'urar kariya, ka ɗaga bireka ka ga abin da fitilunta za su faɗa, domin ita ce ke tona asirin turken da aka juya wa wayoyi, ko wanda ba shi da wayar ƙasa, ko wanda wutarsa ta yi rauni. In ta ce lafiya, sake sauke birekar, ka cusa fulogi har ya zauna daram, sannan ka ɗaga. Kayan ciki kuma ɗaya bayan ɗaya za ka kunna su.

Uwargida ma tana da iyaka. Layi mai amfiya 30, mai haƙora uku, wat 3,600 yake bayarwa. Ka haɗa iyakwandishan da maikurowef da butar shayi, za ka sha shayinka a duhu. Mai amfiya 50, mai haƙora huɗu, yana kaiwa wat 12,000. Kuma in ka sauka a gidan aboki, kada ka yarda da soket ɗin injin busar da tufafi don kawai ya yi kama da naka. Bolt 240 ne a ciki, zai gasa maka talabijin da caja a zama ɗaya.

Ranar tashi sai a juya jerin: kashe kaya, sauke bireka, zare fulogi. Yanzu girki ya dawo hannun amarya, kuma a nan ne maigida ya fi bukatar adalci, don ita ba a ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Butar lantarki mai wat 1,500 tana zuƙar amfiya 125 ko fiye daga batir. Batirin dalma mai amfiya-awa 100, wanda rabinsa kawai ya kamata a taɓa, ba zai kai rabin awa a wannan aiki ba. Mai da firij da hita kan gas, ka bar mata fitila da fanka da cajin waya, za ta kai ka asuba ba ƙorafi. Sannan ka tabbata cajar batir ba ta kan layinta. In ba haka ba, batir zai ba inbata, inbata ta ba caja, caja ta mayar wa batir, kowane zagaye ana asara, kafin gari ya waye batir ya ƙare ƙarƙaf alhali ba a dafa ko ruwan shayi ba.

Abu biyu ne babu raha a cikinsu. Na farko waya mai fulogi a kai biyu, wadda wasu ke haɗawa don su tsallake canji-oba. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kanta a 2022, domin da zarar ka jona kai ɗaya, ɗayan ya zama tsirarar wuta a hannunka. Na biyu, idan ka taɓa ƙofar mota ko matakalarta ka ji tsam, ko kaɗan ne, wuta ce ta hau jikin motar, kuma a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana iya kisa. Kada kowa ya ƙara taɓa motar. Je turke ka sauke bireka, ka zare fulogi, ka kashe inbata, kada ka sake jonawa sai mai gyaran wuta ya duba.