Ranar da Wake Ya Hau Rufi

A kasuwar Malanbil, can ƙetaren iyaka a Jamhuriyar Benin, na tsinci wata tukunyar gwanjo mai murfi mai kullewa, irin wadda ake cewa tana dafa ganda kafin ka gama alwala. Na ɗauro ta a babur har Matsinkai.

Uwargida ta zuba wake, ta ɗora a murhu. Can sai wani ɗan ƙarfe da ke kan murfin ya fara tsaki, tururi na fita fuuu. Na ce wannan asarar itace ce tsagwaronta. Na feƙe tsinke, na toshe ramin, na iza wuta.

"Malam, maƙerin bai huda ta don ado ba."

"Ke dai zuba ido."

Ana haka sai ga ɗan ƙanena da ke karatun kimiyya a jami'ar Aliero. Yana ganin tsinken, bai ko ƙarasa gaisuwa ba.

"Baffa, buɗaɗɗiyar tukunya tana tafasa a wajen digiri 100, ta tsaya nan. Wannan kuwa tururi ba shi da wurin faɗaɗa. A digiri 120 matsinsa ya ninka na iskar waje sau biyu." Ya ja da baya. "A 150, kusan sau biyar." Ya kai bakin zaure. "A 180, sau goma!" Wannan daga waje na jiyo shi, yana ƙarawa da cewa ko Denis Papin, Bafaranshen da ya ƙirƙiro irinta a 1679, sai da ya yi wa tururi ƙofar fita.

Na buɗe baki zan ce Papin bai san kuɗin itace ba, sai tau! Wata 'yar roba da ke gefen murfin ta yi sama, wake ya bi bayanta, yana dukan kwanon rufi kamar ƙanƙara. Yadda aka yi na riga awaki shiga turke, Allah masani.

Maƙwabta suka sheƙo da sanduna, suka tarar da kaji na walima. Uwargida ta sauko da tsohuwar tukunyar ƙasa ba tare da ta dube ni ba.

Har gobe ina nan a kan bakana: waken ya nuna luguf. Na ɗanɗana wanda ya maƙale a hulata.