Yadda Za Ka Shiga Kasuwa Ba a Kafa Maka Turke Ba

Duk mai kiwo ya san aikin turke. Tunkiya ta yi gabas, ta yi yamma, tana ganin yawonta take yi, alhali iyakarta tsawon igiya. Hankalin ɗan Adam ma yana da irin wannan turke, wato kuɗin da ya fara shiga kunnensa. A ce ka ja ragonka daga Rurum zuwa kara. Dillali ya zagaya shi, ya daddanna gadon bayansa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya yatsine fuska kamar an nuna masa kyanwa, sannan ya taya naira 80,000. Ka ce "albarka" da ƙarfi har da juya baya, kana jin ka yi jarumta. Shi kuwa ya riga ya gama aikinsa, domin daga nan duk abin da aka ƙara a kan 80,000 sai ka ji kamar ka ci riba, ka manta da 150,000 ɗin da ka fito da ita a rai.

Masana biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun bayyana wannan ɗabi'a a 1974. Sun juya wata da'ira mai lambobi a gaban mutane, wadda aka shirya ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10, tsaka-tsakin amsarsu 25 ne, waɗanda suka ga 65 kuwa 45. Lambar da ba ruwanta da tambayar ta ja su kamar raƙumi da akala. To ina ga lambar da ta fito daga bakin mutumin da la'ada ce abincinsa?

Saboda haka ka kafa naka turken tun a gida, da daddare, bayan ka ƙoshi. Ka lissafa dusa da harawa da maganin tsutsa. Idan lissafin ya rikice, uwargida na nan, ita ba ta manta ko kwano ɗaya na dusar da ta auna ba. Ka buga waya kasuwanni biyu ko uku, in hatsi ne har Dawanau, ka ji yadda aka tashi. Sannan ka rubuta lamba biyu a takarda, wadda kake fata da wadda ƙasa da ita ba ka sallamawa, ka cusa a cikin hula. In tayi ya fara ɗumama maka kai, sai ka cire hular kamar mai shan iska, ka leƙa.

Na san abin da dattijon Rano zai ce. Ƙasar Autan Bawo, wato Rano, tun zamanin Hausa Bakwai aka san ta da baba da rini, ciniki ba baƙonta ba ne, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, gogewa tana rage ruɗu, kuma wanda ya shekara talatin a kara ba sa'an ɗan koyo ba ne. Sai dai kunne kan riga ido isa ga zuciya. A 1987, Gregory Northcraft da Margaret Neale sun kai ƙwararrun dillalan gidaje su kimanta gida guda a garin Tusan na Amurka, kowane rukuni da farashin da aka rubuta masa daban. Waɗanda aka ba babbar lamba sun yi wa gidan kuɗi da tsada, kuma akasarinsu ba su ma sa lambar cikin abin da suka ce sun duba ba. A Jamus kuma, a 2006, an sa gogaggun masana shari'a su jefa ɗan ludo kafin su yanke hukunci a wata shari'ar gwaji, sai waɗanda babbar lamba ta fito musu suka fi tsawaita ɗauri. Gogewa ta ba su ƙarfin gwiwa, igiyar kuwa tana nan a ƙafarsu.

Turken da ya fi kowanne zurfi ba dillali ke kafa shi ba, farashin bara ne. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, hatsi ya yi tashin gwauron zabo a 2024. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma a 2025 farashi ya sauko. Mai rumbu a Kibiya da ya tara masara da tsada sai ya zauna a bakin ƙofa yana cewa shi ba zai sayar ƙasa da yadda ya saya ba. Kahneman da Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girmanta ƙarfi a zuciya, shi ya sa mutum ke gwammace jira da ya amsa cewa ya faɗi. Amma mai saye bai san nawa ka saya ba, ƙwarin da ke cikin buhu ma ba su tambaya ba, ga taki da kuɗin makaranta suna jira. Tambaya ɗaya ce ke kwance wannan igiya: da kuɗi ne a hannuna yau, zan sayi wannan masara a farashin yau in ajiye? In amsar e ce, ka rufe rumbu da hujja. In a'a ce, ajiyar ta zama ta fushi, ka nemi mota. Haka abin yake ga masu noman rani da ruwan Tiga a wajejen Bunkure da Kadawa, inda tsadar tumatirin bara kan sa kowa ya dasa shi bana, kwanduna su haɗu a kasuwa rana ɗaya.

Wani zai ce farashin bara ai labari ne mai amfani, kuma hatsi kan yi tsada da damina. Ban musa ba. A saurare shi a matsayin shaida ɗaya, a kira sauran: yawan amfanin bana, kuɗin mota, abin da ake shigowa da shi. Masu bincike a Jamus sun gwada dabara mai sauƙi a 2000 da makanikai da dillalan mota, suka ga idan aka sa mutum ya kawo dalilan da ke rushe farashin farko, turken kan yi sako-sako. Mu kuwa Allah ya hore mana ƙwararre a wannan aiki kyauta, wato taubashi. Ka same shi kafin ranar kasuwa, ka saya masa shayi, ka ce ya kawo dalili uku da za su sa lissafinka ya rushe. Zai kawo bakwai, har da wanda ya shafi hancinka. Ka zubar da na hanci, ka rubuta sauran a bayan takardar nan ta cikin hula.