Kan babur da ƙugun mai shi

Masu ƙera babur a Indiya da Sin sun auna kan babur da hannun mutum ɗaya a kan kwalta. Ba su yi shawara da ɗan acaɓan Gumel ba, wanda ranar Alhamis zai nufi kasuwar Maigatari da fasinja biyu, ga akuya a kan tanki, shi kuma ya matsa gaba har gwiwarsa na gaisawa da madubi. A ƙauyukan Sule Tankarkar ma yashi ne ke riƙe da kan, direba rakiya kawai yake yi.

Gyaran ba wuya: bakanike ya sassauta notukan tsakiya, ya karkata kan gaba ko baya, ya daidaita hannun birki da na kuloci, ya ɗaure. Wuyar ita ce hannun wa za a auna, tunda babur ɗaya gida guda ke hawansa. Maigida na so a ɗaga saboda ciwon baya, saurayin gidan na so a kwantar don 'yan matan Gagarawa su ɗauka ɗan tsere ne.

"Alhaji, yaya ka ji shi yanzu?"

"Daram! Amma don Allah in yaron nan ya kawo shi, ka ce sifanarka ta ɓata."